Nguru, Ƙarshen Layin Dogo: Abin da Jirgi Ya Kawo da Abin da Ya Bari

    

Yau tarihi za mu taɓa, kuma daga madafinki za mu fara. 'Yar'uwa, ɗan duba kanwar nan da kike jefawa a miyar kuka, ko wadda ake dama wa mai jego kunu da ita. Duba busasshen kifin da maigida ke shigowa da shi, da ƙaron da yaranki ke sawa a tawada in za su rubuta allo. Shekara da shekaru irin waɗannan kaya a taragon jirgin ƙasa suke shigowa Kano, daga wani gari da ake kira Nguru, wanda ke cikin jihar Yobe. Can ne layin dogon da ya fita ta gabashin Kano ya ƙare. Na zaɓi garin nan ne saboda labarinsa ya yi kama da namu, mu mutanen Gama da Birget da Tudun Wada da Gwagwarwa. Jirgi ne ya tara masa jama'a da dukiya, daga baya jirgin ya ja baya ya bar jama'ar da buƙatunsu: ruwan sha, asibiti, makaranta, magudanar ruwa. Su waye ke da alhakin waɗannan? Kuma ina matsayin mace da ke cikin gida a wannan magana? Abin da za mu bi ke nan, a hankali.

Bari mu soma da yadda jirgin ya iso Kano ita kanta. Turawa sun ci Kano a 1903. Bayan shekara huɗu, wato a 1907, aka kawo wani gwamna ɗan ƙasar Kanada mai suna Percy Girouard, wanda da ma aikin shimfiɗa layin dogo ya ƙware a kai. A zamaninsa aka fara aikin daga Baro, wani ɗan gari a bakin kogin Kwara, aka yo arewa ta Minna da Zariya. Ƙarfen dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Kada ki ɗauka don jin daɗin talaka aka yi wannan aiki. Auduga Turawan suke so, wadda za ta ciyar da masaƙunsu na Ingila. Amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, a yi mai da ƙuli-ƙuli, a ba dabbobi harawa. Sai suka rungumi gyaɗa. Daga nan ne 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa kusa da tasha. Kuma kar ki manta, hannun mata ne ya ɓare mafi yawan gyaɗar nan, a tsakar gida, a turmi, ba wanda ya rubuta sunansu.

Jirgi ya zo da baƙi, baƙi kuma sai da masauki. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. 'Yan Arewa da suka zo ci-rani, da leburori, da tsofaffin sojoji, su kuma suka riƙa zama a Tudun Wada da Gwagwarwa da Birget, har abin ya yaɗu zuwa nan Gama, musamman da masana'antun Bompai suka bunƙasa. Shi ya sa in kika bincika, za ki tarar da kakan wannan daga Haɗeja ya zo, na waccan daga Borno ko Damagaram. Mu ma ɗin 'ya'yan jirgi ne.

Da Turawa suka ga gyaɗa ta karɓu, sai suka ƙara wa layin rassa biyu don su kai ga manoman da ke nesa. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya bi ta Jogana, Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, aka kammala shi har Nguru a 1930. Tsawonsa kusan kilomita 230. Lura da wani abu a nan: layin bai shiga birnin Haɗeja ba, ta Malam Madori ya ratsa. Wannan kaɗai ya isa ya mai da Malam Madori kasuwar gyaɗa ta ƙasar Haɗeja. Inda jirgi ya tsaya, nan kantuna ke tsayawa.

Ita Nguru ba jirgi ne ya ƙirƙiro sunanta ba. Tsohon gari ne na daular Borno. Ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, nan ne mazaunin Galadiman Borno, babban basaraken da ke riƙe wa Mai na Borno ƙasashen yamma, masu iyaka da ƙasar Hausa. Mutanen yankin Barebari ne da Mangawa da Badawa, ga Fulani makiyaya. Bayan jihadi da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, ƙarfin Galadima ya ragu, garin ma ya koma baya. Zuwan jirgi ne ya sake tashe shi, sabon gari ya tsiro a kewayen tasha.

To, me ya sa ƙarshen layi ke da daɗi? Saboda duk mai kaya daga gabas da arewa dole ya kawo nan. A wancan lokaci babu layin dogo a Maiduguri, don haka Nguru ce ƙofar arewacin Borno. Ayarin raƙuma da jakuna na saukowa daga ƙasar Manga da sauran sassan Nijar da kanwa da gishiri. Ana tara ƙaro daga dazuzzukan yankin. Ga gyaɗa, ga auduga, ga fata da ƙiraga, ga kifi daga fadamun kogin Haɗeja. Shanu kuwa, a da sai an kora su a ƙasa makonni kafin su isa Kudu, su rame a hanya, wasu su mutu. Da jirgi ya zo sai a loda su a tarago. Daga baya har mayanka ta zamani aka gina mai ɗakin sanyi, ana tura nama Legas. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sikeli, Kwarori suka zo, Yarabawa da Ibo suka zo, Hausawan Kano da Katsina suka cika gari, har Hausa ta zama harshen kasuwa. Mata ma sun ci moriya. Ranar da jirgi zai shigo, mai tuwo-tuwo da mai ƙosai da mai fura ba su kwana da kwantai, matan aure na cikin gida kuma suna ɗora wa yara talla.

Yanzu sai mu duba mulki. A zamanin Turawa Nguru gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Borno. Hakimi na bisa dagatai, dagatai na bisa masu unguwa, su ke tara haraji da jangali a kai baitulmali. Sama da su akwai Di'o da Razdan. Alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, haka ma 'yar makarantar elementare da asibitin sha-ka-tafi. Sai dai hedikwatar En'e tana Maiduguri, alhali Kano ta fi kusa da Nguru. Kasuwar garin na kallon Kano, mulkinsa na kallon Maiduguri. Ita kuma tasha da gidajen ma'aikatanta, wato kwatas na reluwe, ba ruwan En'e da su, hukumar jirgi ce ke kula da abinta. Jirgin wancan zamani gawayi da ruwa yake ci, saboda haka tankin ruwa na daga cikin abubuwan farko da ake ginawa a tasha. Kin ga ke nan, an tanadar wa inji ruwansa tun kafin a tanadar wa matan gari nasu. Su rijiya suka dogara da ita. Wannan shi ne halin garuruwan jirgi: an tsara su ne don kaya su fita, jin daɗin mazauna kuwa sai abin da ya rage.

Duniya rawar 'yammata ce, in ji masu iya magana, na gaba ya koma baya. Abubuwa suka taru suka rage wa Nguru armashi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, an ja sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ta Bauchi da Gwambe, ya isa Maiduguri a 1964. Kayan Borno da yawa suka sami wata ƙofar. Na biyu, aka shimfiɗa titunan kwalta, manyan motoci suka fara ɗaukar kaya daga bakin gona zuwa bakin kanti, ba jiran ranar jirgi. Na uku, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu ya ƙone gonaki, sai kuma a 1975 ƙwarin darɓa suka yaɗa kuturtar gyaɗa, noman ya durƙushe, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Na huɗu, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, har a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ita kanta hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin ni 'yasu: injuna suka tsufa, albashi da fansho suka riƙa makara, jirgin da ake gyara agogo da kukansa ya koma sai an ga dama. Leburorin da ke loda buhu suka watse, mai tuwon tasha ta kife tukunya.

Amma garin bai mutu ba, kuma a nan darasin yake. Me ya riƙe shi? Abin da ya riƙe shi shi ne abubuwan da ba su hau jirgi sun tafi ba. A 1967 Nguru ta faɗa jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ta koma jihar Borno. A wannan shekara ta 1976 ne gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kawo ƙarshen mulkin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 a ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka ƙaru har suka kai 774. Nguru ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiri jihar Yobe mai hedikwata a Damaturu, rana ɗaya da jihar Jigawa, inda Ringim da Malam Madori suka koma. Bayan haka Nguru ta sami masarautarta. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin, wadda marasa lafiya ke zuwa daga garuruwan kewaye har da ƙetaren iyaka, akwai kwalejin shari'a da ilimin addinin Musulunci, kasuwar dabbobi da ta hatsi kuma na ci. Albashin malami da na ma'aikaciyar jinya da na ma'aikacin sakatariya shi ya maye gurbin wani ɓangare na kuɗin gyaɗa.

Sai kuma maganar ruwa, wadda ta haɗa mu da su kai tsaye. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya malala ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda ake noman shinkafa, a kama kifi, a yi kiwo. Tsuntsaye har daga Turai suke zuwa can da hunturu, shi ya sa a shekarar 2000 aka sa wurin cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa a 1992, mu a Kano mun sami ruwan famfo da noman rani, amma tafiyar ruwan ta canja a can ƙasa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya cika ya yi ambaliya, tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka suna cinye hatsi. A daminar 2022 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a wannan yanki na Jigawa da Yobe. Ashe shawarar da aka yanke a wani ofis a Kano tana iya shafar tukunyar wata mata a Nguru.

To 'yar'uwa, mu dawo gida. In famfo ya ƙafe, wa ke ƙirga kuɗin cefane tana cire na mai garuwa? In kwata ta toshe sauro ya yi yawa, wa ke kwana zaune da yaro mai zazzaɓi? In naƙuda ta zo da tsakar dare asibitin unguwa a rufe, ran wa ke kan siraɗi? Namu ne. Saboda haka ya kamata mu san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, ƙananan tituna da magudanan ruwa. Tana kuma da hannu, tare da gwamnatin jiha, a makarantun firamare da ƙananan asibitoci inda ake awon ciki da rigakafi. Ruwan famfo na birnin Kano aikin hukumar ruwa ta jiha ne. Rarraba wutar lantarki kuwa tun 2013 ya koma hannun kamfani. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ga ɗa namiji da 'ya mace. Mu nan Gama mazaɓa ce guda daga cikin 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, sakatariyarmu tana Bompai, muna da kansila wanda aikinsa ne ya kai kukanmu gaban ciyaman. An daɗe ana kukan cewa kuɗin ƙananan hukumomi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Hukunci a takarda daban, aiki da shi daban, amma dai yanzu muna da hujjar tambaya.

Wata za ta ce, ni da ba na fita, me maganata za ta yi? Bari in tuna miki abu biyu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, 'yar ma'aikacin reluwe ce, mahaifinta daga Gana ya zo. Ta sha ɗauri da duka a kan neman 'yancin matan Arewa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu ba su jefa ba. Sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan dama, suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu a zaɓen 1979, da yawa da lulluɓinsu, wasu da goyo. Abu na biyu kuwa a ƙofar gidanmu ya faru. A watan Maris na 2019, da aka ce zaɓen gwamnan Kano bai kammalu ba, sunan Gama ya shiga bakin duk ƙasar nan. Cikin mako biyun da ke tsakanin zaɓen ranar 9 da na ranar 23, kun ga motocin kwashe shara, kun ga masu gyaran titi, kun ga ana haƙa rijiyoyin burtsatse. Ba siyasar kowa nake yi ba, ba na kuma goyon bayan kowa a wannan fili. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ranar da ƙuri'arki ta yi tsada, an san hanyar unguwarku. Me zai hana a san ta sauran ranaku?

Ba sai kin karya dokar gidanki ba kafin ki yi naki. Ki san sunan mai unguwarku da na kansilanku. In kun haɗu a Islamiyya ko wajen suna ko adashi, ku tsayar da matsala ɗaya tak, misali rijiyar da ta lalace ko rashin ungozoma da dare, a sami mai rubutu a cikinku ta rubuta, ku sa hannu, a ba mazaje ko malamarku su kai. Ku ajiye kwafi, bayan wata guda a koma a tambaya. Ki yi wa maigida maganar cikin lumana lokacin da ya natsu, don shi ke zuwa masallaci da majalisa inda ake yanke shawara. Ki nemi izini ki je awon ciki, ki kai yara rigakafi, ki karɓar musu takardar haihuwa, domin da lissafin mutanen da suka zo ake auna maganin da za a turo. Ki adana katin zaɓenki, in masu neman ƙuri'a sun aiko da sabulu da atamfa, ki aika musu da tambaya: ina ruwanmu? Sannan ki bar 'yarki ta yi karatu. Likita mace da muke nema in mun je asibiti, daga ɗakin wata uwa za ta fito.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Wasu ƙauyuka za su wayi gari sun zama tasha, baƙi su cika su, filaye su yi tsada, kamar yadda aka yi wa Nguru a 1930. Masu 'yan'uwa a can ku isar musu da saƙo: tun jirgi na kawo kuɗi ake neman a gina rijiya da asibiti da makaranta, don su ne ke zama bayan kasuwa ta tashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan zan dakata. Iyayenmu da suka taɓa hawa jirgin Nguru, ko suka yi zaman aure a kwatas na reluwe, don Allah ku sa jikoki su rubuto mana abin da kuka gani, mu karanta wa 'yan baya. Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladansa, inda na yi kuskure ya yafe mini. Ina gaida matan Nguru da na Malam Madori da na Ringim, da ku maƙwabtana na Gama. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.